Gyaran Layi Ɗaya

A unguwar ba mai kiransa da sunan yanka. Malam Jadawali ake ce masa, har mai kawo takardar wuta haka yake rubutawa a bayan ambulan. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana koyar da lissafi a makarantar sakandare guda, kuma a ashirin da shida daga cikinsu shi yake tsara jadawalin darussa. Wanda bai taɓa wannan aiki ba yakan ɗauka zanen layuka ne kawai. Malamai arba'in, azuzuwa goma sha takwas, ɗakin gwaje-gwaje ɗaya tak, ga malamar da ba ta iya isowa kafin ƙarfe tara saboda goyo, ga malamin da yake koyarwa a makarantu biyu. Dole kowa ya sami gurbinsa, kuma kada a tura mutum ɗaya aji biyu a lokaci ɗaya.

A zamanin da ya fara, kayan aikin kwali ne babba, da rula, da fensir mai tsini, da 'yan takardu masu launi da ake kafewa da fil. Yakan shiga ɗakin malamai mako guda kafin a dawo hutu, ya rufe ƙofa, ba ya fitowa sai kwalin ya cika ba kankara ko ɗaya. Wannan tsabta a makarantar mishan ya koyo ta, inda ake duba farcen yaro da gefen littafinsa kafin a duba amsarsa. A can ne kuma wani tsohon malami ya bar masa ƙa'idar da ya riƙe duk rayuwarsa: kada ka ba yaro lissafin da kai ba ka zauna ka yi da hannunka ba.

Yana da shekara arba'in da takwas aka kawo wa makarantar kwamfutoci shida. Wata uku suka yi a lulluɓe da zane, kowa yana tsoron a ce shi ya ɓata. Malam ne ya yaye zanen. Shekara biyu yana fama da littattafai kafin ya rubuta manhajar da take yin aikin mako guda cikin minti huɗu. Da ya yi ritaya sai ya ɗora ta a intanet a buɗe, kowa ya ɗauka, kowa ya karanta yadda aka ƙera ta, wanda ya ga gyara ya aiko, ba ko kwabo. Yau makarantu tamanin da uku ne suke amfani da ita, kuma mutum shida suna taya shi aikin gayya, kowa daga garinsa. Tsarin kuwa ɗaya ne tun farko: wanda ya yi gyara ya aiko wa Malam, Malam ya karanta, sannan ya shigar da shi cikin uwar manhajar, don shi kaɗai yake riƙe da mabuɗi. Gyaran Malam kuwa ba mai karantawa. Wa zai duba aikin mai dubawa?

Manhaja rubutu ce, layi bayan layi, kuma ana rubuta ta ne a cikin wata manhajar da masu sana'ar suke kira edita, kamar yadda kafinta yake aiki a kan bencinsa. Akwai edita ta kuɗi, akwai ta kyauta. Malam ta kuɗi ya saya, shekara goma sha huɗu da suka wuce, kuma duk umarnin da ya rubuta wa masu taya shi, da 'yan dabarun gwada manhajar, a jikin wannan edita ya ɗaura su.

Abin da mutum shidan nan ba su sani ba shi ne, shekara uku ke nan idon Malam yana tafiya. Gefe-gefe yana gani, amma tsakiya ta zama kamar an dangwala yatsa mai maiƙo a kan tabarau. Likita ya ce jijiyar ido ce, ba a gyara ta, sai dai a rage mata sauri. A cikin editarsa ya mai da baƙaƙe manya-manya, ruwan ɗorawa a kan baƙi, har layi goma sha ɗaya kaɗai allon yake ɗauka. Sauran aikin kuwa sabo ne yake yi masa. Ya san manhajarsa kamar tsakar gidansa, ya san inda kowane abu yake ba sai ya duba ba. Matarsa kaɗai ta san halin da ake ciki, tsohuwar nas ce, shi da 'yan unguwa duk Sista suke kiranta.

Ranar wata Litinin, saura kwana goma sha huɗu a koma makaranta, saƙo ya shigo zauren da suke tattaunawa a intanet. Bahaguwa ce ta rubuto, tsohuwar ɗalibarsa wadda yanzu rubuta manhaja ne abincinta, kuma a cikin su shida ita ce hannun damansa duk da sunan nata. Ta ce wasu matasan malamai biyu sun zo suna son taimakawa, sun buɗe umarnin, layin farko ya ce su sayi edita, sun juya. Ta ce ta shirya komai a kan wata edita ta kyauta, da za a koma kanta da ƙofar ta buɗu ga kowa. Kafin azahar mutum biyar sun ce sun yarda. Suna jiran Malam.

Ya matso da fuskarsa jikin allo ya karanta sau biyu. Gaskiyarta ce, kuma abin da ya fi damunsa ke nan.

"Malam, shayinka ya huce," in ji Sista daga bakin ƙofa. "Ko sai na aiko maka da saƙo ta intanet?"

"Yaran nan suna so a sake edita."

"To su sake mana. Kai ka zauna da taka. Ko hana ka suka yi?"

"Ba su hana ni ba."

"To mene ne? In kuɗin sabuntawa ne, Autarmu ta ce ko yau za ta biya."

"Ba kuɗi ba ne, Sista. In na ce sababbin zuwa su hau wannan benci, ni ya kamata in fara hawa. Yaro zai aiko ya ce Malam, na danna kaza ya ƙi. Me zan ce masa? In ce ban taɓa buɗe ta ba?"

"Ka ce masa idonka ba ya gani. Kalma huɗu ce."

Ta shigo ta ɗauke kofin, ta tsaya a kansa kamar yadda take tsayawa kan marar lafiyar da ya ɓoye magani ƙarƙashin filo.

"Shekara talatin ina gaya wa mutane ciwon da aka ɓoye shi yake kisa, ashe a gidana babban ɗalibin yake."

"In suka sani za su karɓe mabuɗin. Cikin ladabi, da godiya, da addu'a. Su sa sunana a saman shafi kamar na mamaci."

"Wa ya gaya maka?"

"Ni ma haka zan yi in ni ne su."

Da la'asar ya rubuta musu cewa ya yarda, kuma shi zai fara.

Washegari da safe ya sauke sabuwar editar. Da ta buɗe sai ya ji kamar an kai shi gidan mutane an ce ya ɗauko gishiri. Fari fat, baƙaƙe ƙanana kamar ƙwayar gero, gefe da gefe cike da 'yan alamomi. Awa guda ya ɓata kafin ya gano inda ake ƙara girman rubutu, da ya ƙara kuwa sai rubutun manhajar kaɗai ya girma, sauran abubuwan da editar take faɗa suka tsaya yadda suke. Ya danna abin da ya saba dannawa don tsallakawa ƙarshen shafi, sai wata taga ta buɗe. Ya danna na rufewa, sai ta zama biyu.

Akwai wani ƙaramin kuskure da wata makaranta ta kawo ƙara a kansa: a ranar da ake tashi da wuri, manhajar takan sa darasi a lokacin da yara sun riga sun tafi gida. Malam ya san layin, ya san abin da za a canza, lamba ɗaya ce. Ya ce bari ya fara da wannan. Ya lallaɓa har ya kai wurin, ya karkata kai ya duba da gefen ido, ya gyara. Ya danna a ajiye. Wani abu fari-fari ya bayyana a tsakiyar allon, daidai inda maiƙon yake. Ya ɗauka irin tambayar nan ce ta ko ka tabbata, ya danna e. Sannan ya shigar da gyaran cikin uwar manhajar da mabuɗinsa, ya rubuta a kai: gyaran layi ɗaya. Ranar ya ci abincin rana da daɗi, har ya tsokani Sista cewa tsohon doki ya koyi sabuwar hanya.

Laraba da hantsi saƙon Dogo ya shigo. Dogo, ɗaya daga cikin masu taya shi, malamin kimiyya ne a wani gari mai nisa, ba su taɓa haɗuwa ba, shi ya ba kansa sunan.

"Ranka ya daɗe, ka ce layi ɗaya, ni kuwa nan ina ganin dubu huɗu da ɗari biyu. Ko dai lissafin ne ya canza bayan ritayarka?"

Malam ya buɗe wurin da ake nuna abin da ya canza. Ja da kore daga sama har ƙasa. Ya gangara, ya gangara, ba iyaka. Sabuwar editar, da ya ce ta ajiye, ta bi babban fayil ɗin da ke ɗauke da rubutun manhajar kaf ta sake jera shi yadda take so, ta matsar da wannan, ta karya wancan biyu, ta haɗe wasu. Layinsa ɗaya yana ciki, kamar allura a cikin ruwa.

Saƙonni suka riƙa shigowa. Mutum uku suna da gyaran da suka yi makonni suna yi, yanzu ba wanda zai shiga, don duk layukan da suka dogara a kansu sun gusa. Wani ya tambaya ko manhajar tana aiki daidai. Dogo ya ce ga alama tana yi, amma ba mai iya rantsuwa a kan layi dubu huɗu da ba wanda ya karanta. Wata ta tuna musu cewa mako mai zuwa makarantu za su fara sauke manhajar. Ba wanda ya yi masa rashin kunya. Kowa yana rufe maganarsa da sai abin da Malam ya ce.

Ya san akwai hanyar janye gyaran, ya sha yi. Amma ya sa hannu a kan madannai sai ya kasa. In ya sake danna abin da bai gani ba fa? Ya koma tsohuwar editarsa, baƙaƙen ruwan ɗorawa suka fito, ya nemi wuraren da ya sani, ba ɗaya da yake inda ya bar shi. Ya tashi ya fita tsakar gida, ya dawo, ya zauna, ya sake tashi. Yana tuna ranar farko ta zango: ƙararrawa ta buga, malamai biyu sun tsaya a ƙofar aji ɗaya kowa da takardarsa, wani ajin kuma yara saba'in ba kowa a gabansu. A makaranta ɗaya ma abin kunya ne, balle tamanin da uku. Abincin rana ya dawo kicin yadda aka kai shi.

Da yamma Bahaguwa ta kira. Ta ce gobe tana da aiki kusa da unguwarsu, za ta biyo ta gaida Mama. Malam ya san ba ta da wani aiki kusa da unguwarsu.

Alhamis da ƙarfe goma ya ji tsayuwar mota. Kafin ta gama gaisawa da Sista a falo, ya yi sauri ya mai da baƙaƙen allonsa ƙanana, irin na masu ido. Ya gyara zaman tabarau.

Ta shigo ta durƙusa. "Malam, ina kwana. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau, 'yata. Tashi ki zauna. Har yanzu da hagun kike cin abinci?"

"Ai kai ka ɓata ni, Malam. Duk makarantar kai kaɗai ne ba ka buge min hannu ba."

"Na ga amsar tana fitowa daidai, me ruwana da hannun da ta bi."

Ta jawo kujera kusa da shi, ta buɗe tata kwamfutar. Ta ce kada ya damu, abin ba shi da wuya, janyewa minti biyar ne, sai a sake shigar da layin shi kaɗai. Ta ce laifin nata ne, ita ta bar saitin sake jera layuka a kunne.

"Abu ɗaya ne ya ɗaure min kai," ta ce, idonta a kan allonta. "Na gwada jiya. Kafin ta sake jera fayil takan fito da akwati a tsakiyar allo, ta ce layi kaza za su canza, ka yarda? Da jan rubutu ma. Na ce Malam da yake karanta bayan kwalin ashana, ya mai da min takarda don na manta ɗigo..."

Ba ta ƙarasa ba. Daga kicin ana jin Sista tana wanke kofin da ya riga ya fita tun ɗazu.

Malam ya daɗe yana kallon allon da ba ya gani. Sannan ya miƙa hannu ya danna maɓalli biyu. Baƙaƙen suka kumbura, suka kumbura, har layi goma sha ɗaya suka cika allon. Ya ɗauke hannunsa ya ɗora a gwiwa.

Ta dubi allon, ta dube shi. Sai yanzu ta lura da yadda yake karkata kai in zai kalle ta.

"Tun yaushe, Malam?"

"Shekara uku. Tsakiyar ce ta tafi."

Ta murza zoben hannunta. Da ta buɗe baki sai maganar ta fito da sauri.

"To ka zauna da editarka. Zan riƙe umarni biyu, naka da na sababbi, ba wani aiki ba ne. In ce musu saitina ne ya jawo, kuma gaskiya ce. Ba sai kowa ya ji ba."

Abin da ya kwana biyu yana roƙo ke nan, ga shi an miƙo masa a faranti. Ya ji daɗinsa har cikin ƙashi. A ransa har ya koma bencinsa, ƙofa a rufe, mabuɗi a aljihu.

"A watan jiya kin aiko min da gyara," ya ce a hankali. "Na ɗakin gwaje-gwaje. Layi nawa ne?"

"Kamar ɗari uku."

"Na karanta sittin. Idon ya yi ruwa, kaina ya ɗauki ciwo. Na ce aikin Bahaguwa ne, ba ta kuskure, na shigar." Ya cire tabarau ya riƙe. "Na Dogo ma haka. Na sauran ma. Kuna aikowa da ƙarfin gwiwa don kun san Malam zai duba, ni kuma ina shigarwa don na san ku. Ashe shekara uku ba mai duba kowa. Tsohuwar editar nan ba ta taɓa tona ni ba, har ni kaina ta rufa min asiri. Wannan kuwa kwana ɗaya ta yi."

"Malam, manhajar tana aiki."

"Ke kika sani, ko zato kike?"



Sista ta shigo da tire ta ajiye. "Sha, 'yata. Shi kuma ki bar shi ya yi magana, yau bakin ya buɗe."

Suka janye gyaran, Bahaguwa tana karanta masa duk abin da ya fito a allo kafin ya danna. Suka shigar da layin shi kaɗai. Sannan ya ce ta gyara masa sabuwar editar. Ta mai da bangon baƙi, ta girmama har 'yan akwatunan tambaya, ta kashe mai sake jera layuka, ta kunna wata murya da take karanta duk abin da ya bayyana. Muryar ta yi magana, Malam ya yamutsa fuska.

"Wannan ai kamar mai sanarwa a tashar mota."

"Za ka saba, Malam."

"Ba zan saba ba. Bar ta dai."

Wasiƙar da zai aika wa zauren ya ce shi zai rubuta da hannunsa, a cikin sabuwar editar. Minti arba'in ta ɗauke shi, layi tara. Ya faɗi abin da ya sami idonsa da shekarar da ya fara. Ya ce daga yau mabuɗi biyu ne, ɗaya a wurin Bahaguwa, kuma ba gyaran da zai shiga, har nasa, sai mutum biyu sun karanta. Ya ce duk abin da aka shigar cikin shekara ukun nan a ɗauka ba a duba shi ba. Ya ce in sun ga ya dace ya ajiye nasa mabuɗin, su faɗa kai tsaye, ba sai sun yi masa kara ba. Muryar tashar mota ta karanta masa daga farko har ƙarshe. Yatsansa ya tsaya a kan maɓallin aikawa har Sista ta yi gyaran murya, sannan ya danna.

Ba amsar da ta shigo. Lokacin aiki ne, ya gaya wa kansa, suna aji, ko suna hanya. Ya sake gaya wa kansa bayan minti goma.

Bahaguwa ta riga ta buɗe jerin gyare-gyaren. Ta ƙirga da ido, ta ja numfashi.

"Ɗari da goma sha bakwai ne, Malam. Ranar Litinin za su fara saukewa."

"To me kike jira? Fara daga na ƙarshe, ki yi baya. Da ƙarfi, kuma kada ki haɗiye lambobi."

Ta kira ofis ta ce ba za ta dawo yau ba. Ta cire takalmi, ta gyara zama, ta fara karantawa. Malam ya rufe ido ya jingina, leɓunansa suna bin ta. Gyara na farko ya wuce lafiya, na biyu ma haka. Suna tsakiyar na uku wayarsa ta yi ƙara a kan tebur, alamar saƙo ya shigo zauren. Bahaguwa ta dakata, ta kai hannu.

"Bar shi tukuna," in ji Malam, idonsa a rufe. "Koma layin da kika wuce. Kin ce ƙasa da takwas, ko ƙasa da tara?"